Ina ruwan Karare da narkewar ƙanƙara?

 Zancenmu na wannan mako mai nisan zango ne, domin za mu tashi daga Karare ta ƙaramar hukumar Batsari, mu leƙa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya inda ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa, sannan mu biyo ta Legas mu dawo gida.

Na san za ka ce ina ruwan biri da gada. Mutumin da ke fama da tsadar taki, ga zullumin ko zai je gonarsa ta gefen dajin Rugu ya dawo lafiya, me ya haɗa shi da labarin teku? Kana da hujja. Daga Karare zuwa bakin teku tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, kuma ƙasar Katsina a kan tudu take, kimanin mita 500 sama da fuskar teku. Masana sun ƙiyasta cewa ko duk ƙanƙarar duniya za ta narke tas, tekun ba zai ɗaga fiye da mita 70 ba. Ruwan gishiri ba zai zo ƙofar gidanka ba, ko a zamanin tattaɓa-kunnenka. Wannan kam ka kwantar da hankalinka.

Sai dai abin yana da wasu hanyoyin shigowa. Zai biyo ta kuɗin da ɗan ci-rani yake aikowa daga Kudu, ya biyo ta farashin buhun taki, kuma mafi nauyi, yana iya biyowa ta damina kanta. Kafin mu bi waɗannan hanyoyi, bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin tekun.

Zafin da teku ke haɗiyewa

Tun da ɗan'adam ya duƙufa ƙona kwal da man fetur da gas, hayaƙinsu yake taruwa a sama yana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Zafin da muke ji a watan Afrilu ɗan kaɗan ne daga ciki. Kimanin kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarin zafi teku ne yake shanye shi. An san haka ne saboda akwai na'urori kusan 4,000 da aka watsa cikin tekunan duniya, a wani shiri da ake kira Argo. Kowace tana nutsewa har zurfin mita 2,000, bayan kwana 10 ta taso ta aika wa tauraron ɗan'adam abin da ta auna.

Uwargida ta san halin ruwa da wuta. In kin cika tukunya taf kin ɗora a murhu, tun kafin ta tafasa za ki ga ruwan ya fara malalowa ta gefe, alhali ba ki ƙara ko ɗigo ba. Ruwa in ya ɗumama kumbura yake yi. Haka tekun yake yi, kuma wannan kumburi shi kaɗai ya kawo kusan rabin ɗagawar da teku ya yi tsakanin 1971 da 2018. Sauran rabin, mafi yawansa daga ƙanƙara ya fito.

Ƙanƙarar iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin maganar. Ka tuna kofin zoɓo lokacin zafi. In ƙanƙara tana yawo a cikinsa, ko ta narke duka zoɓon ba zai zube ba, don tun farko ta riga ta ci wurinta. Amma in kofin a cike yake, ka ɗauko wani dunƙule daga waje ka jefa, nan take zai malala. Ƙanƙarar da ke yawo a kan tekun ƙuryar arewa irin ta farko ce. Wadda ake jin tsoro ita ce wadda ke zaune a kan ƙasa, kuma manyan rumbunanta biyu ne.

Na farko tsibirin Girinlan, can arewa tsakanin Kanada da Turai. Ƙanƙarar da ke kansa ta kusa ninka faɗin Nijeriya biyu, kaurinta a tsakiya ya kai kilomita 3. Da za ta narke duka, teku zai ɗaga da kimanin mita 7 a duk duniya. Na biyu nahiyar Antatika a ƙuryar kudu, wadda ta ninka Nijeriya kusan sau 15, ruwan da ke daskare a kanta kuwa ya isa ya ɗaga teku da kimanin mita 58. Dusar ƙanƙara ce da ta yi dubban shekaru tana sauka tana danne juna har ta zama kamar dutse. Duk da haka ba a tsaye take cak ba. Nauyinta yana sa ta malala a hankali zuwa bakin teku, kamar kunu mai kauri a kan faifan da aka karkata.

Ta gindi ake cin katanga

Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san ruwan da ke dukan kan katanga ba shi ne ya fi kayar da ita ba. Wanda ke kwanciya a gindinta yana lasa, shi ne abin tsoro. Daga sama za ka gan ta lafiya lau, ran nan sai ka ji rugum.

A Antatika haka abin yake. Inda ƙanƙarar ta iso bakin teku ba ta karyewa nan take, sai ta miƙe a kan ruwa ta yi wata irin rumfa mai kaurin ɗaruruwan mita. Wannan rumfa tana tokare da duwatsun gefe da tudun ƙarƙashin ruwa, ita ce tokarar da ke rage wa ƙanƙarar baya gudu. To akwai wani ruwa mai ɗan ɗumi da ke kwance a zurfin tekun kudu, wanda a wasu wurare yake kutsawa ƙarƙashin rumfar yana cin ta daga ƙasa. Ɗuminsa bai taka kara ya karya ba, in ka tsoma hannu sai ya ƙage don sanyi, amma ga ƙanƙara ya isa wuta.

An taɓa ganin abin da ke biyo bayan faɗuwar tokara. A farkon 2002 wata rumfar ƙanƙara da ake kira Larsen B, mai faɗin murabba'in kilomita 3,250, ta tarwatse cikin makonni kaɗan, bayan iska mai ɗumi ta narkar da samanta. Rumfar kanta ba ta ƙara wa teku komai ba, tunda dama a kan ruwa take. Amma ƙanƙarar kan tudu da take tarewa sai ta ƙara gudu ninki-ba-ninki zuwa cikin teku.

Wurin da ya fi hana masana barci shi ne wani makeken kogin ƙanƙara mai suna Thwaites a yammacin Antatika, wanda faɗinsa ya kai kusan jihar Katsina takwas. Ƙasar da yake zaune a kai tana ƙasa da fuskar teku, kuma siffarta ta ƙwarya ce, tana ƙara zurfi in ana shiga ciki. Duk lokacin da ruwa ya ci gindinsa ya ja da baya, sai ya faɗa wuri mafi zurfi, ruwan kuma ya samu ƙarin fuskar da zai ci. A watan Janairun 2020 masanan Ingila da Amurka suka huda shi da ruwan zafi har zurfin kimanin mita 600, suka zura na'ura. A daidai inda ƙanƙarar ke rabuwa da ƙasa suka tarar da ruwan da ya haura ma'aunin daskarewa da kusan digiri 2. Thwaites shi kaɗai yana riƙe da abin da zai ɗaga teku da santimita 65, in kuma ya tafi ya ja maƙwabtansa, lissafin ya wuce mita 3. Aikin ɗaruruwan shekaru ne, amma in ya kankama babu wanda ya san yadda za a taka masa birki.

Girinlan kuwa gaba da baya ake cin ta: iska mai ɗumi tana narkar da samanta a lokacin zafinsu, ruwan teku kuma yana lasar bakinta. Taurarin hukumar NASA da ke auna nauyin ƙanƙara tun 2002 sun nuna Girinlan tana asarar kimanin tan biliyan 270 a shekara, Antatika kimanin tan biliyan 150. In za a loda na Girinlan kaɗai a tirela mai ɗaukar tan 30, sai an nemo tirela biliyan 9, wato kowane mutum a duniya ya samu tasa har a yi ragowa, kuma kowace shekara.

Taƙi guda, kamu biyu

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce a rahotonsa na 2021 teku ya ɗaga da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Taƙi guda ke nan. Abin lura shi ne saurin. Daga 1901 zuwa 1971 milimita 1.3 yake ƙarawa a shekara, amma daga 2006 zuwa 2018 ya koma milimita 3.7, kusan ninki uku. Zuwa 2100, in duniya ta rage hayaƙi sosai, ana sa ran ƙarin santimita 28 zuwa 55. In aka ci gaba da ƙonawa ba ji ba gani, santimita 63 zuwa mita 1, wato kamu biyu. Kwamitin ya ƙara da cewa ba za a iya kore yiwuwar kusan mita 2 ba, in ƙanƙarar Antatika ta ɓalle da wuri. Kada 2100 ta yi maka nisa. Jaririn da aka raɗa wa suna bana zai iya ganinta yana dattijo mai shekara 70 da 'yan kai.

Za ka ce mene ne taƙi guda a ruwan da ke da zurfin kilomita? A tsakiyar teku ba komai ba ne. A garin da aka gina dab da fuskar ruwa kuwa, taƙi guda shi ne tsakanin ruwa ya tsaya a dokin ƙofa da ya shiga ɗaka. Rahoton nan ya ce tumbatsar teku irin wadda a da sai an shekara 100 ake gani, zuwa ƙarshen wannan ƙarni za ta zama ta kowace shekara a fiye da rabin wuraren da ake aunawa.

Ɗanmu na Legas

Da wuya ka shiga unguwa a ƙasar Batsari ko Safana ka rasa gidan da ke da ɗa ko miji a Kudu. Ci-rani tsohuwar al'ada ce, amma tun da rashin tsaro ya hana mutane da yawa noman gonakinsu na nesa, abin da a da yake cikon rani ya zama shi ne tukunyar wasu gidaje. Mai gadi, mai tura baro, mai sayar da gwari a Mile 12, mai dabbobi a kasuwar Kara, mai shayi a Obalende ko Idi-Araba, kowa da waɗanda ke jiran saƙon kuɗi ya shigo waya.

Legas kuwa gari ne na fiye da mutum miliyan 15, kuma babban ɓangarensa a kan tsibirai da fadama da yashin da aka cike aka gina shi. Victoria Island da Ikoyi da Lekki 'yan mitoci kaɗan suka ɗara teku. Ƙasar ma a wasu unguwanni nutsewa take yi a hankali, saboda nauyin gini da yawan zuƙe ruwan ƙasa da rijiyoyin burtsatse. Ruwa yana hawa, ƙasa tana sauka.

Kada a ɗora wa ƙanƙara laifin da ba nata ba. Zaizayar da ta cinye Bar Beach, har teku yana hawowa titin Ahmadu Bello, babban dalilinta shingayen dutse ne da Turawan mulki suka gina a mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, waɗanda suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa. Ambaliyar da ke tsayar da gari a watan Yuli kuma akwai hannun toshewar magudanai da gini a kan hanyar ruwa. Amma duk waɗannan a kan tekun da ke ɗagawa suke hawa. Kwatar Legas cikin tafkin da ke haɗe da teku take zuba, in tafkin ya cika ruwan sama ba shi da wurin zuwa, sai ya dawo unguwa. Haka in an saki ruwan madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun, yankin Kara da Isheri da Agiliti da Mile 12 ne ke sha, inda mutanenmu suke da yawa. Duk santimitar da teku ya ƙara, ƙarin jinkiri ne ga janyewar wannan ruwa.

Masu hali sun fara kare kansu. A inda Bar Beach take an cike teku da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic, aka kare ta daga teku da doguwar ganuwar dutse. Inda ganuwar ba ta kai ba, labari daban ne. A watan Agustan 2012 igiyar teku ta afka wa bukkokin Kuramo da dare ta tafi da fiye da mutum 10. A jihar Ondo, garin Ayetoro da aka kafa a 1947 ya rasa babban ɓangarensa, gidaje da makarantu suna cikin ruwa. Haka zancen yake a Keta ta Gana da gabashin Kwatano, ƙasashen da zangon Hausawa ya daɗe a cikinsu.

Ka kuma san yadda birni yake yi in wuri ya ƙure. Wanda ba shi da takardar fili, wanda ke kwana a rumfar kasuwa ko kangon gini, shi ake fara cewa ya tashi. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, gidaje da yawa a Arewa sun ji a tukunyarsu. Ka auna ranar da unguwanni sukutum za su gagara zama, masu gari da kansu suna neman tudun komawa.

Buhun taki da litar mai

Hanya ta biyu gajera ce. Takin yuriya da ake zuba wa masara da dawa a Karare daga bakin teku yake zuwa: masana'antar Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022, da ta Indorama a Eleme kusa da Fatakwal. Matatar man Dangote a Lekki take. Tashoshin Apapa da Tin Can, inda alkama da magunguna da kayan gyaran babur ke sauka, a bakin ruwa suke. Kayan da aka daɗe ana gani a kasuwannin Maraɗi da Jibiya, da yawansu a tashar Kwatano aka sauke su. Waɗannan wurare ba za a bar su su nutse ba, za a ɗaga hanyoyi, a gina ganuwa, a sayi injinan zuƙe ruwa. Amma kuɗin aikin a kan kaya za a ɗora shi, kuma mai saye na ƙarshe, wanda ya fi kowa nisa da tashar, shi ne kai.

Damina daga teku take

Yanzu ga babbar. Kowa ya san hadari daga gabas yake tasowa, amma laimar da ke cikinsa ba daga can take ba. Iskar nan mai sanyi da ke fara kaɗawa daga kudu maso yamma in bazara ta yi, ita ke ɗauko tururin ruwa daga Tekun Atilantika ta kawo mana. Ruwan da ke cika rijiyar Karare, asalinsa na teku ne. Nisan da wannan iska za ta yi zuwa arewa, da daɗewar da za ta yi kafin ta koma, yana da alaƙa da wane ɓangare na tekun ya fi ɗumi. In arewacin Atilantika ya fi ɗumi, damina takan hauro sosai. In ya yi sanyi idan aka gwada da sauran tekuna, sai ta maƙale a kudu.

Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutane suka watse. An daɗe ana cewa manoma da makiyaya ne suka jawo da sare itace da yawan kiwo. Daga baya binciken masanan yanayi na Ingila a 1986, da na wata masaniya Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, suka nuna cewa babban dalilin yana cikin tekuna: sauyin ɗuminsu ne ya janye damina daga yankinmu.

A nan Girinlan ta shigo gonarka. Akwai wani babban zagayen ruwa a Atilantika da ke ɗaukar ruwan ɗumi ta sama ya kai arewa. In ya isa kusa da Girinlan sai ya huce, gishirinsa ya sa ya yi nauyi ya nutse, ya dawo kudu ta ƙasa. Ruwan da ke narkowa daga ƙanƙara ba shi da gishiri, saboda haka yana kwanciya a sama kamar mai a kan romo, yana hana nutsewar. In zagayen ya yi rauni, arewacin tekun zai rage ɗumi, damina kuma ta ja baya zuwa kudu. A 2017 wasu masana a Faransa, Dimitri Defrance da abokan aikinsa, suka gwada a kwamfuta abin da zai faru in Girinlan ta narke da sauri fiye da yadda take yi yanzu. Sakamakon ya nuna ruwan sama zai ragu ƙwarai a Sahel, ƙasar noman gero da dawa ta tsuke, miliyoyin mutane su rasa abin dogaro. Gwaji ne na mummunan hali, kada a ɗauke shi a matsayin abin da aka yanke. Kwamitin IPCC dai ya ce kusan tabbas zagayen zai yi rauni a wannan ƙarni, ko da yake bai sa ran tsayawarsa kwatsam kafin 2100 ba.

Abin da muke gani a yanzu kuwa wata fuskar ce. Iska in ta ƙara ɗumin digiri 1 tana ɗaukar ƙarin laima kimanin kashi 7 cikin 100, sai ruwan ya riƙa zuwa a dunƙule. Wani bincike da aka yi da hotunan taurarin ɗan'adam ya gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka uku tun 1982. Maƙwabtanmu na Jibiya sun gani a watan Yulin 2018, ruwan dare ɗaya ya ci fiye da mutum 40, ya rushe ɗaruruwan gidaje. Manomi yana iya samun ruwan wata guda cikin kwana biyu, sannan ya yi sati uku yana kallon sama shuka tana yaushi.

To, me ke hannunmu?

Ba mu muka kunna wutar ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. A 2015 ƙasashe suka yi alkawari a Paris za su yi ƙoƙarin tsayar da ɗumamar a digiri 1.5, sai ga 2024 ta zama shekarar farko da ta haura wannan layi. A taron Masar na 2022 an amince da kafa asusun tallafa wa ƙasashen da abin ya yi wa ɓarna. Haƙƙinka ne ka tambayi wanda ka zaɓa, daga kansila har sanata, me ya iso Katsina daga irin waɗannan kuɗaɗe, kuma a ina aka sa shi. Amma kafin amsa ta zo, akwai abin da gida zai iya.

In kana da ɗa ko ƙane a Legas da ya fara tara abin sayen fili, ka ce masa kada ya saya da rani. Ya je ya ga wurin a watan Yuli da kuma Oktoba, ya dubi zanen da ruwa ya bari a jikin katangun maƙwabta, ya tambayi tsofaffin unguwa ina ruwa yake tsayawa shekara 10 da suka wuce, ina yake kaiwa yanzu. Fili mai arha a bakin tafki akwai dalilin arharsa. Uwargida, in maigida ya kira, bayan gaisuwa ki tambaye shi inda yake kwana da inda yake ajiye kayan sana'arsa in ruwa ya shigo.

Kada kuma a sayar da gonar gado don a mallaki wani abu a can, ko da yanzu gonar tana wurin da ba a iya zuwa. Rashin tsaro yana da ranar ƙarewa. Tekun kuwa, ko yau aka daina ƙona mai, zai ci gaba da hawa na ɗaruruwan shekaru, don babban ruwa ba ya hucewa da wuri. Gida biyu maganin gobara.

A gona, a nemi irin da ke nuna da wuri, kamar geron SOSAT da ire-iren wake da dawa da cibiyar bincike ta Samaru ke fitarwa, a haɗa da na gargajiya don kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. A saurare shi kafin a kai iri ƙasa. A kuma leƙa ƙetaren iyaka: tun tsakiyar shekarun 1980 manoman ƙasar Maraɗi suka daina tumɓuke tohon itatuwa a gonakinsu, suna zaɓen mai ƙarfi su gyara shi ya girma. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo da kalgo da ke tsaye a gona suna rage gudun ruwa ranar da ya yi yawa, suna riƙe laima ranar da ya ɗauke. Mai shirin gini kuma ya tambayi dattawa ta ina ruwa yake bi a da, don ruwa ba ya manta hanyarsa.

Yaron da ke makaranta, in ya ce yana son karatun yanayi ko ƙasa ko noma, kada a ce masa ba shi da amfani. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, ta Tarayya tana Dutsin-Ma, duka ba nisa. Masu auna ƙanƙara suna da yawa a duniya, masu auna abin da take yi wa gonar Batsari su ne ba su isa ba.

Masu karatunmu da ke Legas da Fatakwal da Kwatano, ku rubuto mana a ƙasa: wace unguwa kuke, kuma ina ruwa ya tsaya muku a daminar da ta wuce? Waɗanda ke gida kuma, ku zauna da wani dattijo ku tambaye shi watan da ake shuka a ƙuruciyarsa, da yadda aka yi a 1973, ku kawo mana abin da ya ce. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.